Abin da Rukayya Ba Ta Fassara Ba

A shekarar 1993, shekara biyu da mayar da Jalingo babban birnin jiha, Rukayya tana zaune a unguwar Majidaɗi da mijinta Hayatu, wanda aka dawo da shi daga Yola tare da sauran ma'aikatan gwamnati. A duk gidansu ita kaɗai ce ta yi makaranta har aji uku na sakandare. Saboda haka duk wanda ya taso daga ƙauyensu Iware da wata takarda a hannu, wurinta yake fara sauka.

Ana tsakiyar girbin masara ƙanwarta Hadijatu ta zo. Mijinta Manga ne ya kawo ta a motar kasuwa, ya riƙo ta har cikin gida. Shekarunta ashirin da bakwai, 'yarta ɗaya, Zulfa, kuma tun da ta yaye ta ba ta sake samun ciki ba. Wata takwas ke nan jini yana zubar mata, in ya ɗauke kwana biyar sai ya dawo. Ta sha saiwa, ta sha rubutu. Rukayya ta buɗe tafin hannun ƙanwarta ta gan shi fari fat.

Washegari suka tafi asibiti. Likitan, Dakta Simeon, saurayi ne da bai daɗe da zuwa garin ba, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. Hadijatu kuwa Fulatanci ne bakinta, Hausarta ta kasuwa ce. Da ya gama duba ta, sai ya juya ga Rukayya ya yi mata bayani da Turanci a hankali.

Ya ce ƙari ne ya fito a mahaifarta, ya girma, shi ke jawo jinin. Hanya biyu ce. Ana iya yanke ƙarin kaɗai a bar mahaifa, amma aikin yana cin jini sosai, ga shi ba su da wurin ajiye jini, janaretonsu ma ba kullum yake tashi ba. In ana son wannan, sai a kai ta Jos. Abin da zai iya yi a nan cikin kwanciyar hankali shi ne ya cire mahaifar gaba ɗaya.

Sista Beatrice, nas ɗin da ke tsaye a gefe, ta ƙara da Hausa ƙasa-ƙasa: "Matanmu na ƙauye yawanci haka ake musu. In an bar mahaifa, sai suna dawowa ana duba su, su kuma ba sa dawowa. Wasu sai gawarsu muke jin labari."

Hadijatu ta ɗago kai daga gado ta dubi yayarta. "Adda, me ya ce?"

A ɗan wannan lokacin Rukayya ta tuna abubuwa da yawa. Ta tuna wahalar man fetur da ake ciki, motoci na kwana uku a layi. Ta tuna Jos tafiyar yini guda ce a kan hanya mai ramuka, ga mace ba jini a jikinta. Masarar Manga tana gona ba a cire ba, kuma ba shi da abin sayarwa sai bijimi ɗaya. In za a je Jos, Hayatu ne zai ɗauki nauyin, shi kuma a lokacin yana fama da ginin gidansu a unguwar Turaki. Ita za ta bar 'ya'yanta huɗu ta je jinya ta wata guda a garin da ba ta san kowa ba. Tsoro ya kama ta, gajiyar abin ma ta kama ta tun ba a fara ba.

"Ya ce za su yi miki aiki su cire abin da ke sa jinin," ta ce da Fulatanci.

A waje ta ja Manga gefe ta faɗa masa cewa mahaifar za a cire, amma ba ta ambaci Jos ba. Ya ce rai ya fi komai. Ya dangwala yatsa a takarda.

Aikin ya yi kyau. Kwana uku bayan tiyata, da Hadijatu ta fara shan kunu, Rukayya ta zauna a bakin gado ta gaya mata ba za ta sake haihuwa ba.

"Babu wata hanya, Adda?"

"Babu, Dija. Da ba a yi ba, da kin mutu."

Hadijatu ta juya fuska bango ta yi kuka marar sauti, daga baya ta ce haka Allah ya rubuta. Ta warke, ta yi ƙiba, ta koma Iware ta ci gaba da sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli. Manga bai canza mata ba. Duk kaka sai ta aiko wa Rukayya doya da sabuwar masara, tana gaya wa kowa cewa Addarta ce ta ceci ranta. Rukayya ma ta yarda da haka, ko kuma ta daina tambayar kanta.

Bayan shekara huɗu, ciwon ya zo wa Rukayya. Da farko ta ɗauka shekaru ne, amma da ta fara jin jiri in ta sunkuya, sai ta gane. A lokacin an ƙara wa Hayatu girma a ofis. Bai ma tsaya dogon bincike a Jalingo ba, ya nemi hutu, ya sa ta a mota suka nufi wani babban asibiti a Jos. Abokan karatunsa biyu da ke zaune a garin suka zo suka ba da jini tun kafin a nema.

Likitar da ta duba ta mace ce mai furfura. Ta sa aka ɗauki hoton cikinta, ta nuna mata inda ƙarin yake, sannan ta tambaye ta: "Kina son ƙara haihuwa?"

Rukayya ta dubi hoton. Shekarunta talatin da biyar, 'ya'yanta huɗu, amma ga shi ana tambayarta.

"Ban sani ba," ta ce.

"To, mu bar miki mahaifarki, ki yi tunani a gida. Akwai mai irin wannan a danginku?"

Ta faɗi labarin Hadijatu. Likitar ta tambayi shekarun Hadijatu da yawan 'ya'yanta, ta ajiye biro.

"Daga yankinku da wuya matan ƙauye su iso mana da wuri. Masu zuwa matan ma'aikata ne irinki. Sauran ana cire musu a can, ko su zo abu ya riga ya ɓaci."

"Da an kawo ta nan, da an bar mata?"

"Ban gan ta ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Wataƙila da mu ma mun cire. Amma mace mai shekara ashirin da bakwai da 'ya ɗaya, da mun gwada."

Kwana goma Rukayya ta yi a ɗakin mata. A gadon da ke kusa da nata matar wani malamin jami'a ce, an cire mata ƙari har guda shida, tana ta lissafin lokacin da za ta ɗauki ciki. Rukayya tana jin ta, tana amsa mata da murmushi, hankalinta kuwa yana kan Hadijatu.

A ƙarshen 1998 ta haifi ɗa namiji, aka sa masa suna Abbo. Hadijatu ce ta zo zaman jego. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke goyon jaririn in ya ƙi barci. Wata safiya tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana yi masa wanka, tana yi masa wasa da Fulatanci, Rukayya na kallon hannayenta, sai maganar ta fito da kanta.

"Dija, ranar da likita ya duba ki, ya ce akwai hanya biyu. Ya ce a Jos ana iya cire ƙarin a bar mahaifa, irin yadda aka yi mini. Ban gaya miki ba. Manga ma ban gaya masa ba."

Hadijatu ba ta ɗago ba. Ta gama wanke yaron, ta tsane shi, ta shafa masa mai har tsakanin yatsun ƙafa.

"Na yi tunanin haka tun da kika dawo," ta ce. "Na ce ko dai ciwon namu ba iri ɗaya ba ne."

"Iri ɗaya ne. Na ji tsoro ki mutu a hanya. Kuma ban so in ɗora wa Hayatu ba. Wannan ma gaskiya ce."

"Da Manga ya sayar da bijiminsa."

"Na sani."

"Wataƙila da ni ma na ce a yi a nan, Adda. Na gaji da jinin nan, na ji tsoro kamar ke. Amma da ni ce na faɗa." Ta miƙa mata yaron. "Zulfa har yanzu tana tambayata yaushe zan haifa mata ƙani. Shekara biyar ina ce mata Allah ne bai kawo ba."

Rukayya ta roƙe ta gafara, tana kuka. Hadijatu ta ce ta yafe, kuma ba ta faɗa da fushi ba. Ta zauna har aka yi arba'in, ba ta rage komai cikin hidimarta ba, sai dai hirar da suke yi da yamma a tsakar gida ta ragu. Ranar da za ta tafi, ta roƙi abu ɗaya: kada a gaya wa Manga, don shi ne ya sa yatsa a takardar, kuma zai ɗora wa kansa.

Da Zulfa ta gama firamare, Rukayya ta aika cewa a kawo ta Jalingo ta yi sakandare a wurinta. Hadijatu ta yi kwanaki tana shawara, sannan ta amince. Ita da kanta ta rako yarinyar, ta shirya mata kaya a ɗaki, ta ja mata kunne a kan karatu. Rukayya ta ce ta kwana ko da ɗaya ne. Hadijatu ta ce ta bar gyaɗa a shanya, ta yafa gyalenta ta bi motar la'asar zuwa Iware.