Farantin Lord Caddon

A katin da ke jikin ƙofar ɗakin asibitin an rubuta “Mista Caddon”, wani ya soke “Mista” da biro ya sa “Lord” a sama. Rosalind ta gane hannun yayanta ne. Ta tura ƙofar da kafaɗa, don ta riƙo furanni.

Mahaifinta na jingine da matasai, farantin abincin rana a gabansa: kifi, damammen dankali da koren wake. Bai taɓa ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta yi masa wuya, yau kusan mako ke nan ba ya cin komai sai ruwa. Likita ta ce idan bai ci na ranar nan ba, da la'asar za a zura masa robar abinci ta hanci, abin da ya sha roƙon 'ya'yansa kada su bari a yi masa.

Mutumin da ya shekara arba'in yana koyar da tarihin Girka a jami'ar Oxford, wanda idan ya miƙe a Majalisar Dattawa ake yin tsit, yanzu ido kawai yake bin ta da shi. Ya sa hannunsa mai lafiya ya turo mata farantin.

“A'a, Baba, na gode. Naka ne.”

Kullum haka yake yi, kullum haka suke amsawa. A gidansu ba a kai hannu farantin wani, balle na majinyaci. Ya juya fuskarsa bango.

Sai ga hayaniya a baranda. Wani gajeren tsoho mai farin gashin baki ya faɗo ɗakin yana dogara sanda. Rosalind ta san shi a hoto: Lefteris, wanda ya tari mahaifinta lokacin da ya diro da lema daga jirgin sama a duwatsun Girka, a yaƙin duniya na biyu, suka shekara biyu suna kwana a kogo suna fasa wa Jamusawa gadoji. Bayan yaƙi ya zama likitan haƙori a Landan.

“Kai, Zalɓe! Jamusawa sun kasa ka, sai katifa ce za ta kashe ka? Dubi ƙafafu, har yanzu gado bai ishe su ba.”

Gefen bakin Lord Caddon ya motsa.

“Ke ce Rosalind? Kin yi sa'a, 'yata, hancin uwarki kika ɗauko.” Ya zauna a bakin gadon ba wanda ya ce ya zauna. “Jirgin ƙasan ƙasarku ko biskit babu. Tun safe cikina ke zagina.”

Majinyacin ya turo masa farantin. Lefteris ya ɗauki cokali ya kai dankali baki.

“Yallaɓai,” in ji Rosalind a hankali, “ai abincinsa ne.”

“To? Shi ya ba ni.” Ya yamutsa fuska. “Wannan dankali ne ko siminti? Zalɓe, ciyawar da muka dafa a hular ƙarfe ta fi wannan gishiri. Ungo, ɗanɗana, kada ka ce ƙarya nake.”

Ya miƙa masa cokalin da ya fito daga bakinsa. Rosalind ta buɗe baki za ta ce a kawo wani, sai ta ga yatsun mahaifinta sun damƙe shi. Ya ɗebo, rabi ya zube a riga. Ya haɗiye. Ya mayar wa Lefteris cokalin.

“Ka ji ko? Siminti.”

“Si...minti,” in ji Lord Caddon.

Suka ci gaba, loma nan, loma can, Lefteris na ta zagin mai girkin. Da kifin ya kai rabi, mahaifinta ya ɗago ido, ya turo farantin ɓangarenta.

Rosalind ta dubi cokalin, duk ya yi dama-dama. Ta ajiye furannin a ƙasa, ta jawo kujera, ta karɓa. Dankalin ya yi sanyi, kuma da gaske babu gishiri.

“Kada ki cinye kifin, yarinya, ni na zo daga nesa.”

Ƙofa ta buɗe. Nas ce, riƙe da tire mai robar a naɗe cikin leda. Ta tsaya tana dubansu su uku, kawuna a haɗe kan faranti ɗaya. Sannan ta ja da baya, ta jawo ƙofar a hankali.