Hular Jikan Sitaratnam

Kondayya ya tsufa a cikin kwalekwale a kan kogin Godabari, bai taɓa zaton wata rana za a gan shi a barandar mata da kwarashi a hannu ba. Amma mutuwa ba ta shawara da kowa. Zazzaɓi ya ɗauke matarsa Sitaratnam ana tsakiyar damina, ta bar masa gida shiru da wani gwangwanin biskit da take ajiye saƙarta.

A cikin gwangwanin akwai hular jariri ta farin zare, saura kaɗan a gama. 'Yarsu Manga na da cikin fari, kuma ta kusa dawowa gida goyon ciki. Kowace mace a layinsu na garin Narsapur za ta iya ƙarasa hular kafin shinkafa ta nuna, amma Kondayya ya kafe. Hannun matarsa ya fara, nasa zai gama.

Sai ya tafi wurin maƙwabciyarsu Chittemma, tsohuwa mai baki kamar barkono.

"Kai? Da waɗannan yatsun?" ta ce. "Je ka wanke hannu da toka, ka sake da sabulu. Farin zare ba ya shiri da ƙarnin kifi."

"Na wanke, Yaya."

"To me ya tara kuliyoyin unguwa a bayanka?"

Matan barandar suka kwashe da dariya. Ya haɗiye, ya zauna. Ta ba shi guntun tsohon zare ta ce ya yi ta sarƙa kawai, sarƙa, sarƙa, har hannunsa ya san hanya. Wayyo, abin tausayi! Mutumin da ya saba ɗaure koma, ragar kamun kifi, yadda kifi ba zai ɓalle ba, duk zargen da ya yi sai ya shaƙe shi, har bakin kwarashin ya rasa inda zai shiga.

"Sassauta, bawan Allah, ba wani kada ka kamo a kogi ba," in ji Chittemma. "Kuma ka ji ni da kyau, kar ka taɓa hular Sitaratnam sai na ce ka isa."

Haka ya yi ta zuwa kullum in ya dawo daga kogi. Abokan sana'arsa suka sa masa suna Amarya, suna tambayar yaushe zai saƙa musu rigar mama. Bai kula su ba. A hankali sarƙarsa ta daina murɗewa, har ya saƙa wani ɗan fure wanda Chittemma ta juya gaba da baya ta ce, to, aƙalla ba za a ce ƙaguwa ce ba.

Ranar da saƙo ya zo cewa Manga na tafe cikin makon, haƙurinsa ya ƙare. Da hantsi ya ɗauko gwangwanin ya zauna a ƙofar ɗaki. Ya zare kwarashin daga jikin hular ya riƙe, ƙotarsa duk ta yi santsi saboda yatsun matarsa. Ya mayar da murfi don ƙura, ya bar zaren ya leƙo ta gefe.

Masunci in zai yi gyaran koma, sai ya fara jawo zare gaba-gaba ya tanada, ya saƙale a babban yatsan ƙafa, ba ya ko dubawa. Hannun Kondayya ya yi abin da ya saba. Yana ja yana naɗewa, idonsa na kan bishiyar kwakwar da marigayiyar take zama ƙarƙashinta, hankalinsa na can. Koma kowane ido da ƙullinsa, ko ka ja ba inda za ta. Bai san saƙar kwarashi ba ta da ƙulli ko ɗaya ba.

Laushin zaren ne ya dawo da shi. Ya duba, ya ga duk ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar gashin jariri. Ya buɗe murfin. Dunƙulen zaren na nan yadda ta bar shi, ta soke shi da allura don kar ya kwance. Hular ce ya yi ta ja. Abin da ya rage 'yar da'ira ce ta tsakiyar kai, ba ta kai bakin kofin shayi ba.

Ranar da aka kai gawar matarsa bakin kogi aka ƙone, bisa al'adarsu, bai yi kuka ba. Yau ya yi, irin na manya, mai ban tsoro, har Chittemma ta shigo ba takalmi. Ta dubi ƙafarsa, ta dubi gwangwanin. Duk bakin nan nata, ba ta ce na gaya maka ba. Ta ɗebo ruwa a kwano ta ajiye.

"Sai an jiƙa zaren ya miƙe, ƙanena. In ba haka ba saƙar ba za ta kwanta ba."

Ya rungume zaren a ƙirji.

"Yaya, kowace lanƙwasa ita ta yi ta. Shi ke nan abin da ya rage na hannunta."

"Na sani. To ajiye shi za ka yi, ko jikanta zai sa?"

Ya dubi kwanon ruwan. Sannan ya kwance zaren daga yatsan ƙafarsa, ya tsoma shi cikin ruwan da kansa, yana kallo lanƙwasar na saki ɗaya bayan ɗaya, har zaren ya koma kamar ba wanda ya taɓa saƙa shi.

Chittemma ta ɗauki 'yar da'irar ta shimfiɗa a tafin hannunta, ta gwada da yatsu.

"Wannan za ta rufe maɗigar yaro," ta ce. "Nan dai kakarsa ce za ta riƙe. Sauran naka ne."

Ya share ido da bayan hannu ya miƙa don karɓar kwarashin.

"Je ka wanke hannu tukuna," ta ce.