Akwatin da Ke Jiran Casilda

Duk unguwar Los Pepines an san bakin dattijo Don Bienvenido ya fi hannunsa iya domino, wasan nan na jera ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo a kan tebur. Wasan dai yana yi daidai gwargwado, amma wajen tsiya ba a kama ƙafarsa. Da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, 'yarsa Yudelka ba ta tsaya kuka ba. Aikinta ke nan can a birnin Santo Domingo, koya wa na'urori tashi da wuri idan an kunna su, don haka ta haɗa masa ɗan akwati mai allo. In ya taɓa kalma da hannun hagu, sai akwatin ya faɗe ta da murya. Da yake wutar lantarki ba ta da alkawari, ta sa yana kashe kansa idan an bar shi, don batir ya kai yamma, ana dannawa kuma yake tashi. Har lasifika ta ja da waya zuwa kicin domin mahaifiyarta, Doña Casilda, ta ji idan tsohon yana kira. Yawanci abin da take ji shi ne, "Casilda, gishiri ya yi yawa," tun ba ta sauke tukunya ba.

Cikin azumin Ista Doña Casilda ta rasu. Bayan addu'ar kwana tara dangi suka share gida suka watse, Don Bienvenido kuma ya fara janye jiki daga teburin domino na ƙofar shagon da ke kan kwana. Amininsa Nicanor ne ya kira Yudelka.

"Yarinya, ki zo ki ga ubanki. Baƙin ciki ya cinye shi. Jiya na ce masa makaho ya fi shi ganin ƙwayar domino, wallahi ko tari bai yi ba. Ni kuma ba na jin daɗin zagin mutumin da ba ya ramawa."

Ranar Asabar ta hau bas ta zo. Da ƙyar ta lallaɓa shi suka fita, ta ja kujerar roba ta zauna a bayansa. Nicanor ya jefo masa magana, tsohon ya danna akwatin nan take, idonsa har ƙyalli yake yi, alamar amsar na bakinsa. Allo ya tsaya baƙi. Mutane suka ɗan jira, sannan hira ta gangara kan ƙwallon gora da tsadar ayaba. Can sai muryar ta ce, "Kai ne makahon," a tsakiyar zancen ayaba.

Abin da ya fi ciwo ya zo daga baya. Ƙwayarsa ta ƙarshe ta dace da bakin layi biyu duka, irin cin da ake buga tebur a yi ihun "Capicúa!" har a ji a tsallaken titi. Ya ajiye ta, ya danna, ya jira. An riga an kife ƙwayoyi ana cakuɗawa lokacin da akwatin ya furta kalmar.

"Sannu, kompadre, aminina," in ji Nicanor a hankali, yana dafa masa kafaɗa.

Yudelka ta ga yadda mahaifinta ya sunkuyar da kai, zuciyarta ta karye. Mutumin da ya rayu da zolaya, yau tausayi ake ba shi. Amma ta ga wani abu kuma da sauran ba su gani ba: yatsan tsohon bai makara ba ko kaɗan.

Suna komawa gida ta haɗa akwatin da kwamfutarta a baranda, shi kuma yana gefe cikin kujerarsa mai lilo. Ta kunna, ta bi rubutun da ke gangarowa. Akwati irin wannan yana tashin sassansa ɗaya bayan ɗaya, kamar uwa mai tashin yara makaranta. Kowane sashe yana da direbansa, ƙaramar manhaja da ke ƙwanƙwasa masa ƙofa ta jira ya amsa. Batir ya amsa, sai komai ya tsaya cak. Direban lasifikar kicin ne ke ƙwanƙwasawa, ya jira, ya sake ƙwanƙwasawa, sai ya gaji sannan ya ba allo da murya hanya.

Ta tashi ta leƙa kicin. Ƙusar tana nan a bango, babu lasifika. Wata gwaggo mai son tsafta ta cire ta ranar shara ta jefa cikin kwali. Nan Yudelka ta tuna ranar da take haɗa abin, mahaifiyarta tana tsaye a kanta da ludayi: "Kar ki bari ya fara magana sai na ji. Mutumin nan zai iya faɗuwa yana kirana ina can ina suya." Haka kuwa ta tsara shi.

Ta dawo ta tsuguna gabansa. "Papi, ba kai ba ne. Akwatin ne ke jiran Mami."



"Gyaran ba wuya," ta ce, tana share ido da bayan hannu. "Layi ɗaya zan goge, ya manta akwai kicin."

Hannun hagun nan ya cafke wuyan hannunta da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba. Ya jawo akwatin ya taɓa. "Kar ki goge ta."

"To in mayar da lasifikar bango? Tana cikin kwali."

Ya girgiza kai. "Kicin ba kowa."

"Haba Papi, in na bar shi haka, kullum a makare za ka riƙa zuwa. Nicanor zai ci gaba da yi maka sannu kamar jinjiri."

"To in makara," in ji akwatin.

Ta san taurin kansa, don ita ma a wurinsa ta gada. Zai yarda ya bar teburin har abada, ya zauna a baranda yana kallon babura, da dai a ce da yardarsa aka daina kiran Casilda. Ita ma, in za ta faɗi gaskiya, yatsanta ba ya son danna gogewar. Ta haɗa kofi a ƙaramar butar mahaifiyarta, ta zuba masa sukari yadda likita ya hana, ta zauna tana kallon layin.

Abin da take yi wa na'urorin mutane kullum a ofis shi ne ya faɗo mata. Ai ba dole sassa su tsaya a layi ɗaya ba. Ta ciro direban kicin daga gaba, ta sallame shi ya yi aikinsa shi kaɗai a gefe, ta sa murya da allo su fara tashi. Akwai ɗan ƙaramin ƙwan fitila kore a kusurwar akwatin da ba ya aikin komai, shi ma ta ba shi aiki.

"Ga yadda za a yi, Papi. Kana dannawa bakinka zai buɗe. Shi kuma wancan zai ci gaba da ƙwanƙwasa wa Mami ƙofa a baya. Ba wanda zai tsaya jiransa, ba kuma wanda zai hana shi. Duk ƙiftawar koren nan, kira ɗaya ne."

"Har yaushe?"

"Muddin akwatin yana kunne."

Ya saki hannunta. Ta kashe, ta miƙa masa. Ya danna, kafin ya ɗage yatsa allo ya haska. Ya taɓa kalmomi a tsanake. "Kofin nan ruwa ne."

"Ka ji shi ko! Daga tashi sai cin mutunci," ta ce, tana dariya hawaye na zuba.

Ranar Lahadi bayan coci ya sa hularsa da kansa ya yi gaba. Nicanor ya tarbe shi da muryar nan ta duba marar lafiya, har yana gyara masa kujera. Aka raba ƙwayoyi. Wasa ya yi nisa, Nicanor ya yi kuskure ya buɗe masa baki biyu. Tsohon ya ɗaga hannun hagu sama ya maka ƙwayar a tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Capicúa!" akwatin ya yi ihu tun tebur bai daina rawa ba. "Nicanor, je ka sayi tabarau."

Nicanor ya buɗe baki ya kasa rufewa. Sannan ya miƙe tsaye yana buga ƙirji. "Ɗan banzan tsoho! Ashe kana nan! Yudelka, me kika ba shi? Kashe abin nan, ni na fi son sa jiya!" Yana zagi yana goge ido da gefen riga, mai shago kuma ya ƙaro sautin rediyo.

Yudelka ta leƙa ta kafaɗar mahaifinta. Ana cakuɗa ƙwayoyi, yana shirya wata tsiyar da yatsa ɗaya. Babban yatsansa kuwa yana kwance a kusurwar akwatin, koren yana ƙiftawa a ƙarƙashinsa.