Muryar Batulu a Wayar Hamadu

Su biyu ne a ɗaki da falo a unguwar Buokrom: Hamadu, dillalin shanu, da 'yarsa Samiratu mai shekara goma sha shida. Matarsa Batulu ta rasu shekara biyu da suka wuce, bayan doguwar jinya a asibiti a Bantama. Hamadu bai yi boko ba. Duk harkarsa da waya ta saƙon murya ce, ya danna ya yi magana, ya danna ya saurara. Samiratu kuwa tana aji biyu a sakandare, ɓangaren kasuwanci, kuma ni nake koya musu kwamfuta. Ba ta da waya, ba ta da kwamfuta. Abin da na koyar ranar Alhamis, sai ta nemi inda za ta gwada shi.

A wannan makon na koya musu yadda na'ura take cika, da yadda ake share tarkace don a samu wuri. Darasin ajiye kwafi kafin a share, na bar shi sai mako mai zuwa, don kuwa haka yake a jere a littafi.

Wayar Hamadu ta daɗe a cike. Masu kawo masa shanu daga arewa sukan turo hoton dabba, ya ƙi buɗuwa, har wani dillali ya riga shi. Samiratu ta sha jin yana tsaki. Ranar Juma'a ya tafi masallaci ya bar wayar a caji. Ta ɗauka, ta shiga ma'ajiyarta kamar yadda na nuna, ta tarar da wata jaka mai nauyi, cike da sautuka sama da dubu biyu. Ba su da suna, sai lambobi. Ta ɗauka tsohon cinikin shanu ne. Ta share su duka.

Da ya dawo ta miƙa masa tana murmushi.

"Baba, duba. Hotuna suna shigowa yanzu."

"Kai, 'yar boko! Ashe ba zaman banza kuke yi ba." Ya yi ta kallon bijimai yana dariya, har ya yi mata alkawarin tsire.

Bayan la'asar ya zauna a bakin ƙofa, ya buɗe wayar, ya gangara can ƙasan jerin saƙonni inda hoton Batulu yake. Saƙonninta suna nan a jere. Ya danna na farko, shiru. Ya danna na biyu. Ya goge fuskar wayar da hannun riga, ya sake dannawa.

"Samira, zo. Innarki ta ƙi magana."

Sai a lokacin ta san abin da ke cikin jakar. Ba ta taɓa sanin yana da su ba, domin yakan kara wayar ne a kunne, ita kuma tana zaton abokan ciniki yake saurare.

Ranar Litinin ta same ni tun kafin a buga ƙararrawa, wayar a ƙulle cikin gefen mayafi.

"Madam, kin ce abin da aka share wani lokaci yana dawowa."

"Wani lokaci, na ce. Zauna tukuna. Babanki ya yi miki faɗa?"

"Ina ma ya yi. Cewa kawai ya yi, kai wa malamarku, ita ta san kan abin."

Na haɗa wayar da kwamfutar ofis, na gwada abin da na sani. Ba komai. Bayan an tashi muka hau mota zuwa Adum, cikin gari, wajen wani mai gyara da na yarda da shi. Ya ɗauki kusan awa guda, sannan ya cire tabarau.

"Kafra, Madam, sai haƙuri. Hotunan shanun nan sun hau kan wurin. Da ba su shigo ba, da ƙila."

Wayar Batulu kuma ta mutu tun tana asibiti. A hanyar dawowa na ce wa Samiratu laifin nawa ne, da na raba darasi biyun da bai kamata a raba ba. Ta girgiza kai. Sai na tambaye ta ko innarta tana tura wa wani saƙo ban da babanta.

Kwana uku tana bin gidajen dangi. Wannan ta canja waya, wancan an sace tasa a kasuwa. A wajen Rahma, ƙanwar Batulu, aka samu guda ɗaya, na daƙiƙa tara. Samiratu ta roƙe ni in raka ta gida, wai ba za ta iya kunnawa ita kaɗai ba.

Hamadu ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ya yi godiya fiye da abin da na yi. Sannan Samiratu ta kunna saƙon.

"Rahma, ke fa ba ki da kirki. Tukunyata ta yi wata a gidanki, ko aure kika ɗaura mata?" Sai dariya, sai saƙon ya ƙare.

Samiratu ta rufe baki da mayafi. Hamadu ma ya yi 'yar dariya, idonsa a ƙasa.

"Ita ce. Allah ya jiƙan ki, Batulu."

"Baba, in sake kunnawa? Na sa maka shi a wayar, na kuma ajiye kwafi wajen Madam."

"Bar shi, uwata. Ki riƙe, naki ne." Ya juya wayar a tafin hannunsa. "Da Rahma take magana. Ni nawa, kowanne da 'Baban Samira, kana ina?' yake farawa."

Ya tashi ya ɗauki buta. Samiratu ta bi shi da kallo har ya fita tsakar gida. A ranar ta gane cewa muryar innarta tana nan a wajen wasu, amma wadda take kiran babanta ta tafi, kuma ba zai taɓa ɗora mata laifin ba.