Inna a Tashar Dabino

Mijina Abduljalil direban jirgin ƙasa ne, amma kada ku ɗauka wani babban jirgi nake nufi. Tsohon kan jirgi ne mai cin gawayi, da taragu uku, wanda kafilin mijina, wato ubangidansa, ya sayo daga waje ya ajiye a gonar shaƙatawarsa can bayan unguwar Khumra a nan Jidda, yana zagayawa da baƙi. A tsakiyar gonar akwai wata 'yar tasha, rumfa ɗaya da benci, ana ce mata Tashar Dabino. Jirgi ba ya tsayawa a nan sai in na ciki ya nema, ko na ƙasa ya ɗaga hannu.

Da mahaifiyata ta zo umra daga Damagaram, na ce sai na kai ta ta ga aikin surukinta. Muna cikin tafiya ta hango inuwar dabino, ta ce a sauke ta ta huta, ni in wuce da yara wajen raƙuma. Har sau biyu na faɗa mata, "Inna, in kin ji kukan jirgi ki ɗaga hannu." Ta ce to.

Bayan la'asar muna bakin ƙofar gona, jirgi ya zo ya sauke mutane, babu Inna. Baiwar Allahn nan kuwa ciwon suga gare ta, ga maganinta da ruwanta da wayarta duk suna cikin jakata. Zafin Jidda kuwa ba ruwansa da tsufa.

Na tari Abduljalil yana goge mai a hannu. "Ina Inna?"

"Tana tasha. Sau biyu na wuce, ba ta ɗaga hannu ba. Na ɗauka hutawa take."

"Ka dube ta da kyau?"

Ya sunkuyar da kai. Wallahi ji na yi kamar in maka masa jakar nan. Ina zai dube ta? Shekara tara da aurenmu bai taɓa haɗa ido da ita ba.

Na ce masa yalla, maza mu koma. An riga an tashi aiki, amma Ismail, mutumin Chadi mai zuba gawayi, nan take ya ɗauki shebur. Jirgin nan yana tafiya kamar tsohon jaki, ni kuwa ina cikin tarago sai salati nake.

Muka same ta zaune a benci, ta juya wa layin dogo baya, carbi a hannu, leɓɓanta sun bushe. Na durƙusa gabanta ina buɗe gorar ruwa, ina kuka ina faɗa.

"Inna, me ya hana ki ɗaga hannu?"

Sai da ta sha ruwa ta haɗiye magani, sannan ta yi ƙasa da murya don kada a ji ta daga jirgi.

"Ke Sajida, ba ki da hankali ne? Mijin 'yata zan ɗaga wa hannu kamar ɗan tasi?"

Abduljalil ya sauko ya durƙusa can nesa, ido a ƙasa, ya ce, "Sannu, Inna." Ta kau da kai ta ce, "Yauwa, sannu da aiki."

Na rasa wanda zan yi wa faɗa a cikinsu. Na rungume ta kawai, na ji numfashinta a wuyana, sai a lokacin hankalina ya dawo jikina.