Azumin Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Mutanen gida har yau sun ɗauka ni likita ce a Dubai, na gyara musu har na gaji. Ni ko allura ban taɓa yi wa kowa ba. Aikina in zauna gaban kwamfuta ina tsefe bayanan marasa lafiyar da ake gwada sabuwar na'ura a jikinsu, in na ga giɓi ko abin da bai hau ba, in aika wa asibiti tambaya. Ba a ba mu sunan kowa, lamba kawai muke gani.

Na'urar da muke gwadawa ta masu ciwon sukari ce. Ana manna ta a damtse, tana auna sukari tana ba da insulin. Kowace safiya bayanan jiya sukan iso min a zane, layi mai hawa da sauka.

Wata Alhamis da hantsi idona ya tsaya kan layin mai lamba arba'in da bakwai. Sau biyu a mako yakan gangaro bayan la'asar, ya yi ƙasa sosai, sai magariba ya tashi. Da farko na'urar na ɗora wa laifi, don ba yau ta fara ba mu ciwon kai ba. Sai na duba ranakun: Litinin da Alhamis. Kafin asuba ga alamar an ci abinci, daga nan shiru har faɗuwar rana. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san wannan. Bawan Allah azumin nafila yake yi bai faɗa wa kowa ba, alhali an saita na'urar ne don mai ci sau uku a yini. Ranar Litinin da ta wuce layin ya kusa taɓa inda mutum ke faɗuwa sumamme.

Sai na tuna ranar da muke ciki, Alhamis ce. A daidai lokacin ma da azumi a bakinsa.

Na aika wa likitar gwajin saƙon gaggawa, sannan na kira Nafiou, ɗan Maraɗi, ma'aikacin jinyar da ke kula da mutanen a asibiti. Ya ɗauka da tsokanar da ya saba, wai Madame Tambaya yau kuma wane waƙafi ya ɓata. Da ya ji abin da ke tafe da ni dariyar ta ɗauke. Bai jima ba ya dawo min da cewa likita ta ba da umarni a nemo mutumin ya karya azumi ya zo, amma wayarsa a kashe take.

"A sito yake aiki a Ras Al Khor," in ji shi, "motar ɗaga kaya yake tuƙawa."

"Nafiou, bai kamata in san wannan ba."

"Pardon, ya suɓuce min. Khalas, shi ke nan, ni zan je da kaina."

Da ma bai faɗa ba. Da lamba ce kawai nake jin tsoro a kanta, yanzu kuwa ga mutum a kan mota, kaya sama da kansa, idonsa na rufewa. Bayanan yau ba za su zo ba sai gobe, don haka ba abin da zan kalla sai layin jiya, ranar da ya ci ya ƙoshi. Sa'adiyya, abokiyar aikina, ta ajiye min shayi ya huce a wurin. Na yi sallar la'asar ban san raka'a nawa na kawo ba, sai da na sake. Tsoro nake ji ƙwarai, ga haushin kaina da ban lura da ranakun tun makon farko ba.

Rana ta yi sanyi kafin Nafiou ya kira. Ya same shi zaune ya jingina da taya, gumi ya jiƙa masa riga, hannu na rawa. Sai da aka kai ruwa rana kafin ya yarda ya kurɓi lemo. Yana da rai, har ya miƙe da ƙafarsa. Na yi hamdala.

Amma Nafiou bai ajiye waya ba. Ya ce da mutumin ya dawo hayyacinsa, tambayar farko da ya yi ita ce wa ya faɗa musu, tun da ko abokan ɗakinsa a Al Warsan ba su san yana azumin ba. Nafiou, da zuciya ɗaya, ya ce masa ai na'urar ce ke nunawa, wata a ofis ta gani.

"Sai ya ɓamɓare ta daga damtsensa ya damƙa min," in ji Nafiou. "Ya ce abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ne, bai yarda wani ƙarfe ya riƙa kai rahotonsa ofis ba. Zai koma allurarsa ta da."

Na ce ya lallashe shi. Ya ce ya yi, likita ma ta yi ta waya, kuma na fi shi sanin cewa duk mai son fita daga gwaji ba a hana shi.

"Azumin fa?"

"Ya ce Litinin, inshallah."

Washegari layinsa na ƙarshe ya iso, ya gangaro ya ɗan tashi, ya yanke. Da hannuna na shigar da cewa ya janye don kansa, na rufe shafinsa.

Ranar Litinin da aka kira la'asar na buɗe jerin mutanen. Daga arba'in da shida sai arba'in da takwas. Yana can Ras Al Khor a kan motarsa da azumi a baki, kuma yanzu babu wanda ke ganin sukarinsa.