Ranar da Aka Yi wa Kwamfutata Jere

Fanka huɗu ce a cikin kwamfutata. Biyu a gaba suna jawo iska, ɗaya a baya da ɗaya a sama suna fitar da ita. Iyakar ilimin ke nan. Na faɗa tun yanzu ne don kar a ɗauka wani abu mai wuya na kasa fahimtar da dangina.

Ni na haɗa ta da hannuna. Ban yi makarantar abin ba, a waya na koya, ina kallo ina tsayarwa ina komawa baya. Kayan cikinta duk na hannu ne, wasu daga Kano, wani kuma direba ne ya shigo min da shi ta kan iyakar Kongolam a ledar burodi. Da ita nake yi wa mutane katin biki da kalandar suna, ina gyara bidiyon walima. Ita ce sana'ata, ba ni da wata.

Bazarar Daura kuwa ko mutum sai da dabara, balle tsohon ƙarfe. Na daɗe ina juya fankokin nan kafin na gane inda kowacce za ta fuskanta. Daga baya na samo hanya. Na ɗebo garwashi a kasko, na barbaɗa turaren wutar Inna, na ajiye a gaban akwatin. In hayaƙin ya shiga ta gaba ya fice ta baya bai tsaya yawo ba, to an dace. Inna ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an turara inji ba.

Fankokin da na samu a kasuwa masu fitila ne, suna canza launi, ja, shuɗi, kore. Gefen akwatin kuma gilashi ne. Ni ban damu da wannan ba. Anti Ummukulsum ce ta damu.

Anti ƙanwar Inna ce. Ta taɓa zuwa Abuja jinyar wata ƙawarta, tun daga nan ba ta ƙara dawowa Daura gaba ɗaya ba. Da aka sa ranata da Zailani, mai sayar da tumaki a kasuwar Mai'adua, ita ta karɓi jeren ɗakina. Zailani ya yarda zan ci gaba da aikina a gida. Ya ce shi dai tunda kwamfutar ba ta cin dusa, ba shi da magana.

Amarya ba ta zuwa jere. Don haka na kama ƙawata Hasana na yi mata karatu: a ɗora ta a kan tebur, kar bayanta ya taɓa bango, kar a rufa mata komai, kar a kunna. Ta ce in kwantar da hankalina.

Washegarin da aka kai ni, aka zaunar da ni a falo a lulluɓe, kaina a ƙasa, dangin Zailani daga garin Babban Mutum suna ta shigowa ganin ɗaki. Ta cikin mayafi na hango kwamfutar. Tana tsakiyar kabad mai gilashi, tsakanin kuloli da kwanukan tangaran. An juya gefen fitilun ya kalli jama'a, gabanta ya manne da katako, bayanta ya manne da katako. A samanta an shimfiɗa leshi, an ɗora fulawar roba. An huda kabad ɗin an zaro waya zuwa talabijin, bidiyon kamuna yana ta maimaita kansa. Ƙofar a kulle, makullin a jakar Anti.

Na taɓa ƙafar Hasana. Ta sunkuyo.

"Wallahi Siddiƙa, Antinki ce ta tsare ni, ni na jona mata," ta ce a kunnena.

"Je ki ce ta buɗe ƙofar kawai. Za ta shaƙe."

Hasana ta je ta faɗa a hankali. Anti ta amsa yadda har na tsakar gida za su ji.

"Ke Hasana, ce wa amarya ta ji da lulluɓinta. Fanka har huɗu a ciki, wane zafi kuma? Mu nan guda ɗaya muke rabawa ba mu mutu ba. A Abuja har firij ake sawa a kabad."

Mata suka yi dariya. Wata ta ce lallai amarya 'yar boko ce. Ban yi boko ba, amma ba ranar gyara zance ba ce.

Wajen azahar fankokin suka fara kuka. Na san kukan, haka suke yi in suna juya iska mai zafi ɗaya tilo ba inda za su kai ta. Can sai kwamfutar ta kashe kanta. Na ce alhamdu lillahi a raina, don ta fi ni hankali. Anti ta tashi, ta buɗe, ta danna, ta mayar ta kulle.

"Kunya take ji, irin uwar ɗakinta," in ji ta.

Haka suka yi ta yi. Ta mutu, a tashe ta. Ta mutu, a tashe ta. Tsakanina da kabad ɗin ba nisa, in na miƙa hannu sosai ma zan iya taɓa shi. Amma yayar surukata tana zaune dab da ni tana jan carbi tana auna ni, kuma abin da Inna ta roƙe ni da shi guda ɗaya ne, kar in sa a yi da ita a garin mutane. Amaryar da ta miƙe ranar farko ta ƙwaci makulli a hannun ƙanwar uwarta, kafin magariba labarinta ya isa Babban Mutum. Na zauna.

Wata ta shigo da kasko ta ajiye a gaban kabad ɗin. Ina kallon hayaƙin ya hau gilashin, ya bi ta gefe, ya wuce sama. Ko zare ɗaya bai shiga ba.

Bayan la'asar aka ji tas, kamar an fasa ƙwai a ɗaki na gaba. Fitilun suka ɗauke. Wani wari ya biyo baya. Yayar surukata ta ɗaga hanci ta ce wannan wane turare ne haka mai ƙarfi.

"Haɗin waje ne, Hajiya," in ji Anti. Ta danna, ta sake dannawa, sannan ta ce wutar unguwar nan ba ta da kyau.

Da baƙi suka ragu na kwance ta a kan tabarma. Ɗan akwatin da ke raba wuta ne ya fashe, ya tafi da babban allon da komai ke kansa. Na tura wa mai gyara a Kano hoto, ya turo min da addu'a. Zailani ya tsuguna kusa da ni ya daɗe yana kallo, kamar yadda yake kallon tunkiyar da ta kwanta. Ya ce in Allah ya sa raguna suka yi kasuwa da Babbar Sallah, za a duba. Masu katin da ke jirana na ba su haƙuri, suka koma wani shago a bakin tasha.

Fankokin kuwa ko ɗaya bai yi komai ba.

Anti ta bugo waya ta ce gurbin nan a kabad ya yi muni, kuma har yanzu ana zuwa ganin ɗaki. Sai na samo tsohuwar caja na jona musu, na mayar da akwatin ba komai a cikinsa. Biyu suna jawowa, biyu suna fitarwa, yadda ya kamata. Na shimfiɗa leshin da kaina.

Jiya wata gwaggon Zailani ta zo. Ta tsaya a gaban gilashin, ja, shuɗi, kore suna bin fuskarta.

"Masha Allah. Amarya, wannan wane aiki take yi?"

Na ce, "Wanda kike gani, Gwaggo."